Neman shawara: atrofin na da caji amma yana shiga ƙwaƙwalwa, niyostigmin kuma ba ya shiga. Me ya sa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Ni ɗalibar harhaɗa magunguna ce a Jami'ar Jos, jarabawar kemistirin magunguna ta matso, kaina ya kulle a kan magungunan da ke aiki ta hanyar asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. An koya mana cewa maganin da ke ɗauke da caji ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. To atrofin pKa ɗinsa (wato pH, ma'aunin tsami, da rabin maganin ke da caji a kai) ya haura 9, jini kuma pH 7.4 ne, wato kusan dukkansa da caji yake yawo. Amma ga shi yana sa mutum sambatu. Niyostigmin shi ma da caji, shi kuma an ce ba ya shiga. Haddace su kawai zan yi, ko akwai dabara?

Wata 'yar aji biyar: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haddace, naitirojin da ke cikin zanen maganin za ki duba ki ƙirga hannayensa, wato mahaɗansa da sauran atam. Na atrofin uku ne, cajinsa na aro ne, firoton (haidirojin mai caji) ya karɓa daga ruwan jiki kuma yana iya sakinsa. Ki ɗauka pKa 9.4 ce don lissafi ya yi sauƙi: tazararta da 7.4 biyu ce, wato ɗari masu caji, ɗaya marar caji. Ɗayan nan shi ke ratsa kitsen bangon ƙwayar halitta. Da ya wuce sai wani cikin ɗarin ya saki firotonsa ya maye gurbinsa, haka har abin ya taru a ƙwaƙwalwa. Naitirojin niyostigmin kuwa hannu huɗu gare shi, duka riƙe da kabon. Ba shi da firoton da zai saki, don haka ko pH ta hau ko ta sauka cajinsa na nan daram. Shi ya sa hanji ma ba ya tsotsarsa sosai, ƙwayar miligiram 15 ta baki kusan daidai take da rabin miligiram ta jijiya.

Wani famasis, Bukuru: Ta gama magana. Ki riƙa karanta su bibbiyu. Fisostigmin da niyostigmin duk enzayim ɗaya suke toshewa, wanda ke farfasa asetilkolin, amma na farko mai hannu uku ne, yana shiga ƙwaƙwalwa. Kuma ɗan gida ne, daga waken Kalaba aka fara cire shi a 1864, niyostigmin kuwa sai 1931 aka haɗa shi a ɗakin gwaji. Haka hayosin: wanda ake sha don jirin tafiya yana sa barci, amma na cikin Buscopan an ƙara masa hannu na huɗu, sai ya tsaya a wajen ƙwaƙwalwa yana kwantar da murɗar ciki. Ki ɗauko kwalin ki karanta cikakken sunan sinadarin da ke jikinsa, za ki gani.

Mai tambaya: Na gode Anti, na gode Yallaɓai. To betanekol da kabakol fa? Duk kama suke yi mini a takarda.

Wata 'yar aji biyar: Zana asetilkolin tukuna. Canji biyu ne kacal. In kin mayar da estar, wato mahaɗin da enzayim ke sarewa, ta zama kabamet, enzayim ba ya iya sare ta da sauri, kin sami kabakol. In kin ɗora metil a kan kabon beta, maganin ya karkata ga riseftar maskarin ya bar ta nikotin (riseftoci biyun da asetilkolin ke kamawa a jiki ke nan), kin sami metakolin. Haɗa biyun, betanekol ke nan, wanda ake ba mai riƙewar fitsari bayan tiyata.

Wani ma'aikacin jinya: Ni dai ina ganin kuna zurfafawa a zane kun bar abin da za ta tarar a asibiti. Lokacin feshin dankali da kayan lambu akan kawo manomi daga ƙauye, yawu na zuba, gumi sharkaf duk da sanyin Jos, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, ƙirji na kurari. Maganin ƙwari irin su dikulobos ne ya kama enzayim ɗin, asetilkolin ya yi ambaliya. Atrofin ake ta bayarwa har ƙirji ya bushe. Akasin haka kuma yaron da ya sha zaƙami, mai ɗauke da sinadarai dangin atrofin: fata a bushe, ƙwayar ido ta buɗe, yana magana da bango.

Wani famasis, Bukuru: Malam, ai ba mu rabu ba. Atrofin riseftar maskarin kaɗai yake tarewa, shi ya sa yawu ke tsayawa amma raunin tsoka ba ya tafiya, don nan riseftar nikotin ce. Sai an haɗa da faralidoksim ya ɓanɓare fosfet daga enzayim, kuma da wuri, kafin haɗin ya tsufa ya ƙi ɓanɓaruwa. Faralidoksim ɗin ma mai hannu huɗu ne, ƙanwata, sai ki faɗa mana ko zai kai ƙwaƙwalwa.

Mai tambaya: Ba zai kai sosai ba, Yallaɓai. Anti, in kina da tsofaffin takardun tambayoyi don Allah zan zo karɓa gobe bayan azahar.