Tambaya kan Moreirense: ya aka yi kulob ɗin ƙauye ya ɗauki kofi a gaban Benfica da Porto?

Bala_Gola ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin lig ɗin Fotugal ina da tambaya. Jiya na tsaya kallon wasan Benfica da wani kulob mai riga kore da fari kamar allon dara, Moreirense, sai na ji mai sharhi yana cewa wai garin da kulob ɗin yake mutanensa ba su fi dubu 5 ba, kuma wai sun taɓa ɗaukar kofi. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Ni dai a sanina ƙwallon Fotugal ta mutum uku ce, Benfica da Porto da Sporting, saura 'yan rakiya ne. To ya aka yi gari ƙarami haka yake riƙe da kulob a babban lig, su waye suke biyan albashi, kuma wane kofi ne suka ɗauka, a wace shekara? Wanda ya san tarihinsu ya taimaka ya warware min tun daga tushe.

Malam_Sharhi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Bala. Mai sharhin bai yi ƙarya ba. Sunan garin Moreira de Cónegos, yana arewacin Fotugal a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Guimarães, kuma mutanensa dubu 5 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Filin wasansu, Comendador Joaquim de Almeida Freitas, yana ɗaukar mutum dubu 6 da 'yan kai, ka ga ke nan ko kowa da kowa na garin ya fito har jarirai da tsofaffi ba za su cika shi ba. Kalmar Cónegos ɗin ma sunan wasu limaman coci ne, shi ya sa za ka ji ana yi wa 'yan wasan laƙabi da haka.

An kafa kulob ɗin ranar 1 ga Nuwamba 1938, amma kar ka ɗauka tun lokacin suke sama. Sun fi shekara hamsin suna buga gasar yanki da ƙananan rukunai, ba wanda ya san da su in ba maƙwabta ba. Sai a 1995 suka fara shiga rukuni na biyu na ƙasa. Abin da ya ɗaga su kuwa shi ne masaƙu, don yankin nan na kwarin kogin Ave shi ne cibiyar saƙa da ɗinkin kaya a Fotugal, kusan kowane gida akwai mai aiki a masaƙa, kuma wani ɗan kasuwar wannan harka mai suna Vítor Magalhães shi ya riƙe shugabancin kulob ɗin shekara da shekaru. Shi ya kawo koci Manuel Machado, wanda ya yi abin da har yau ake ba da labari, ya ɗauke su daga rukuni na uku a 2001 suna zakara, shekarar da ta biyo baya 2002 suka sake zama zakaran rukuni na biyu, sai ga su a babban lig karo na farko a tarihinsu. Hawa biyu a jere, ba hutu.

Sun yi kaka uku a sama. To a nan ne darasin yake a wajena, don a 2004 Magalhães ya bar su ya tafi shugabancin Vitória de Guimarães, babban kulob ɗin yankin, Machado ma ya koma can. Kafin ka ce kwabo Moreirense ta faɗo a 2005, ta sake faɗowa a 2006, yadda suka hau biyu a jere haka suka sauko biyu a jere har rukuni na uku. Sai da Magalhães ya dawo sannan aka fara lallaɓawa, 2010 suka koma rukuni na biyu, 2012 suka hau babban lig, 2013 suka faɗo, 2014 suka sake hawa da kambun zakara.

Kofin da kake tambaya shi ne Taça da Liga na kakar 2016/17. Ba shi ne babban kofin ƙasar ba, wancan sunansa Taça de Portugal, wannan kamar kofin lig na Ingila yake, an fara shi a kakar 2007/08. Amma ka duba fa, cikin guda 9 da aka buga kafin nan Benfica ta ɗauki 7, kamar gadonta ne. A watan Nuwamba 2016 Moreirense tana can ƙasan teburi aka kori koci aka kawo Augusto Inácio, dattijon da ya ɗauki lig da Sporting a 2000 bayan ta yi shekara 18 tana jira. A rukuni suka haɗu da Porto suka ci ta 1-0, Francisco Geraldes ya zura, yaron da Sporting ta ba su aro. A wasan kusa da na ƙarshe aka haɗa su da Benfica a filin Algarve can kudu, Salvio ya fara ci tun farkon wasa kowa ya ce shikenan, ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai wasa ya juya, aka tashi 3-1, ɗan Gana Emmanuel Boateng ya ci biyu. Fainal kuma ranar 29 ga Janairu 2017 da Braga, ɗan Birazil Cauê ya ci fenariti dab da tafiya hutu, suka tsare gida har aka busa, 1-0. Shi ne babban kofi na farko a tarihin kulob ɗin, bayan shekara 78 da kafa shi.

Hajiya_Leão ta rubuta:

Malam Allah ya ƙara sani, ka tuna min da wannan makon. Ni 'yar Sporting ce tun ina yarinya saboda yayana, kuma na kalli wasan Benfica ɗin nan ne kawai saboda yaranmu biyu da suke aro a can, Geraldes da Daniel Podence. A waya nake kallo, hoto yana tsayawa yana tafiya, lokacin da ya tsaya ana 1-1 ne, da ya dawo na ga 2-1 sai da na miƙe tsaye na ƙara duba sunan da ke jikin allon ko idona ne. Podence ɗan ƙaramin jiki amma ranar ya hana bayan Benfica sakat, duk inda ya karɓi ƙwallo sai an bi shi mutum biyu. Ana gama kofin nan Sporting ta kira su duka biyun suka koma gida a ƙarshen Janairun, wannan ne abin da yake ba ni tausayi da ƙananan kulob, ka gyara yaro ya fara haske mai shi ya zo ya ɗauke kayansa.

Kuma Malam bai faɗi ƙarshen Inácio ba. Wata biyu bai cika ba da ɗaga kofi aka sallame shi a watan Maris saboda a lig ba sa cin wasa, ya wuce Zamalek ta Masar. Petit ne ya karɓa ya tsirar da su da ƙyar a ƙarshen kaka. Boateng shi ma a bazarar aka sayar da shi Levante ta Sifen, kuma shi ne wanda ya zura wa Barcelona uku rigis a watan Mayu 2018, wasan da aka tashi 5-4 ya hana Barça gama lig ba a ci ta ba. In ka tuna wannan wasan Bala, to daga Moreirense yaron ya fito.

Bala_Gola ya rubuta:

Ikon Allah, wallahi na kalli wasan Levante ɗin nan ban san daga can yake ba. Na gode Malam, na gode Hajiya. Amma har yanzu maganar kuɗin ce ban gane ba, mutum ɗaya ne yake ta zuba aljihunsa ko yaya? Kuma da suka ɗauki kofin sun je gasar Turai?

Dan_Arewacin_Porto ya rubuta:

Bala ba su je Turai ba, wannan kofin ba ya ba da tikiti. Maganar kuɗi kuma bari in faɗa maka abin da na gani da idona, don ina zaune a yankin Porto ne kuma na taɓa hawa jirgin ƙasa na layin Guimarães na je kallon wasansu. Filin yana cikin gari ne kusa da gidajen mutane, kana tafiya a ƙafa sai ka gan shi a gabanka. Ranar da na je ba da babban kulob suke wasa ba, kujeru da yawa babu kowa, har muryar koci kana ji yana yi wa ɗan baya faɗa, ga wani tsoho kusa da ni da gyalen kulob a wuya yana kiran 'yan wasa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar jikokinsa. To ka ga kuɗin ƙofa ba zai biya ko albashin gola ba.

Abin da yake riƙe su uku ne a fahimtata, kuɗin talabijin, da sayar da 'yan wasa, da karɓar aro daga manya. Na talabijin ɗin ma a Fotugal kowane kulob shi yake cinikin nasa da kansa, ba a haɗawa a raba kamar Ingila, shi ya sa manyan uku suke kwashe kusan komai ƙananan su samu ɗan abin da ya rage, an dai yi doka cewa za a koma haɗawa daga kakar 2028/29. Saboda haka dole ka iya sayen yaro da araha daga Birazil ko Afirka ko ƙananan rukunai, ka ba shi wasa, ka sayar. Chiquinho misali ne, ya yi musu kaka ɗaya mai kyau a 2018/19, kakar da suka je har gidan Benfica suka ci ta 3-1 kuma suka gama na 6 da koci Ivo Vieira, sai Benfica ta saye shi. Koci ma haka ne, Rui Borges ya kai su na 6 a 2023/24, daga nan Vitória ta ɗauke shi, bayan kimanin wata bakwai Sporting ta ɗauke shi daga can ya je ya ci lig a 2025. Hanyar nan ce namu Zaidu Sanusi ya bi ta wani gefen, daga Mirandela ta rukuni na uku zuwa Santa Clara zuwa Porto.

Amma ni abin da ya sa nake girmama Moreirense ba kofin ba ne, maƙwabtansu ne suka sa na gane darajarsu. Akwai gari dab da su, Vila das Aves, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, shi ma garin masaƙa. Kulob ɗinsu Desportivo das Aves ya ɗauki wanda ya fi girma ma, Taça de Portugal a 2018, suka ci Sporting 2-1 a fainal kwana biyar bayan wasu magoya baya sun kutsa sansanin atisayen Sporting a Alcochete sun doki 'yan wasa. Hajiya ki yi haƙuri na tono miki wannan. To Aves ba su samu lasisin buga Turai ba, shekara biyu bayan nan a 2020 albashi ya gagara, 'yan wasa suna ta ajiye kwantiragi, kulob ya faɗo kuma ba rukuni na biyu ya tsaya ba, sai da aka koma gasar yanki aka fara daga ƙasa. Kulob ɗin da kake gani yanzu da suna AVS a filin Aves wani kamfani ne daban da ya taso daga Vila Franca de Xira a 2023. Moreirense kuwa da ta faɗo a 2022 bayan Chaves ta fitar da ita a wasan neman gurbi, kaka ɗaya tak ta yi a ƙasa ta dawo da kambun zakara a 2023, saboda ba ta ci bashin da ya fi ƙarfinta ba.

Malam_Sharhi ya rubuta:

Gaskiya ne ɗan uwa, kuma ba Aves kaɗai ba. Akwai Campomaiorense ta garin Campo Maior kusa da iyakar Sifen, iyalan Nabeiro masu kamfanin gahawa na Delta ne suka riƙe ta, a can Jimmy Floyd Hasselbaink ya buga a 1995/96 kafin ya je Boavista da Leeds. Sun kai fainal ɗin Taça de Portugal a 1999 Beira-Mar ta ci su 1-0, amma da masu kuɗin suka ga abin ba ya ɗorewa sai aka rufe ɓangaren ƙwararru a 2002. Shi ya sa ni hankalina bai gama kwanciya ba da abin da ya faru a 2025, da kamfanin Black Knight na Ba'amurke Bill Foley, mai Bournemouth ta Ingila, ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin ƙwallon Moreirense. Kuɗi za su shigo, wannan ba musu, amma mutumin da gidansa yake bayan fili in an ci kulob dole ya haɗu da mutane a hanya washegari su tambaye shi, wanda yake Amurka kuma ba wanda zai tare shi. Ina fatan kar su mayar da ita wurin ajiye yaran da Bournemouth ba ta shirya amfani da su ba.

Hajiya_Leão ta rubuta:

Alcochete dai har gobe ba na son tunawa, amma ba komai yaya, gaskiya ka faɗa. Ni ban kai Malam tsoro ba kan Foley, tunda dama can aro da sayarwa suke rayuwa a kai, ko ba komai yanzu in yaro ya yi kyau a Janairu wataƙila su iya cewa ba za su sake shi ba sai ƙarshen kaka. Bala in za ka nemi bidiyo ka fara da na Benfica 2017 ɗin, ka kalli rabin lokaci na biyu gaba ɗaya, kar ka tsaya a ƙwallayen kawai.