Muhawara: shin haƙuri kaɗai ya isa maganin fargaba?

Kawu Isa, Marwa: Assalamu alaikum. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu da suka yi boko sun mai da faɗuwar gaba cuta, wai sai an ga likita. A watan Yulin 2015 bam ya tashi a babbar kasuwar nan, muka binne mutanenmu, muka koma rumfunanmu. Haƙuri da tawakkali suka riƙe mu. Ni a ganina fargaba ba ciwo ba ce, raunin zuciya ne.

Zainabu, ma'aikaciyar jinya, Garwa: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma irin waɗannan mutane suna zuwa asibiti, sai dai ba da sunan fargaba ba. Da bugun zuciya suke zuwa, da numfashi sama-sama, da jiri, da ciwon ciki, da rashin barci. A yi gwajin maleriya da taifot, a auna jini, a ce lafiya ƙalau, bayan sati biyu mutum ya dawo. Tsoro lokacin haɗari kowa na yi. Ciwon shi ne tsoron da ya ƙi tafiya bayan haɗarin ya wuce, ko damuwar da ta kai wata 6 tana hana aiki da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ne ke da shi a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Malam Nuhu, Kusuri: Alhaji, ina tare da kai wajen girmama haƙuri, amma batun raunin zuciya ban yarda ba. Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, addu'ar tana cikin Bukhari. Kuma Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya yi rubutu kan tsoro da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani. Ba Turawa suka fara wannan magana ba.

Sadiya, ɗaliba, Ngaundere: Kawu, a yi mini afuwa in sa baki. Zuciya tana da garkuwar da take ɗagawa ba da sanin mai ita ba idan abu ya fi ƙarfinta. Anna Freud, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta yi bayanin wannan dalla-dalla a 1936. Wani ƙaryatawa yake yi, ya ce babu komai alhali hannunsa na rawa. Wani ya kwaso tsoronsa daga waje ya huce a kan iyali, yaro ya zubar da ruwa ya sha duka. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne mai ƙirƙirar dalili: ya daina shiga kasuwa ya ce ciniki ne babu, ya daina zuwa ɗaurin aure ya ce ƙafa ke ciwo, kuma shi ma ya gaskata. Duk ranar da ya kauce wa taro sai ya ji sanyi a ransa, wannan sanyin ne ke koya masa cewa taron haɗari ne, tsoron ya ƙara kafuwa. Shi ya sa masu ba da shawara ke mayar da mutum wurin da yake gudu a hankali, mataki-mataki.

Kawu Isa: Wato 'yata, haƙurina yaudarar kai ce ke nan?

Sadiya: Subhanallahi, a'a Kawu. George Vaillant, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya sa danne damuwa da sani, har a gama abin da ke gaba, cikin garkuwar da ta fi lafiya. Kai ka san abin da ya faru, kana faɗinsa, ka koma rumfarka. Ina maganar wanda har yau bai koma ba, kuma ana yaba masa da haƙuri saboda ya yi shiru.

Inna Hajara, Mora: Ku maza kuna da majalisa, mu fa? Akwai yarinya a unguwarmu da ta gudo daga ƙauyen bakin iyaka, ko tayar mashin ce ta fashe sai ta zube tana karkarwa. An ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi rubutu, shiru. Kuma ni ban ga laifin masu ɓoyewa ba. Ranar da aka ji an kai mace wurin likitan ƙwaƙwalwa an gama sa mata suna, 'ya'yanta ma sai sun sha wahalar samun miji. Sannan wa ke da kuɗin zuwa asibitin Jamot a Yawunde?

Zainabu: Gaskiyarki, Inna. Irin nata ya fi kama da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma ana warkewa. Ba sai an je Yawunde ba, tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane irin wannan. Ku fara da asibiti mafi kusa, a duba ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo, don su ma suna sa bugun zuciya. A rage shayi mai kauri da goro. Don Allah kada a saya mata diyazefam ko tiramol a tebur, suna kama jiki. Maganin da likita ke rubutawa kan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, kada a yar da shi a kwana uku.

Kawu Isa: Ƙwayar ce dai ban aminta da ita ba. Mun ga abin da tiramol ya yi wa yaranmu 'yan acaɓa.

Malam Nuhu: Wancan shaye-shaye ne, Alhaji, wannan magani ne da awo. Ni mai ruƙiya ne, amma duk wanda ya zo mini da bugun zuciya sai na ce a haɗa da asibiti.

Inna Hajara: To Zainabu, ki faɗa wa manyanku su sa mana mace, a ɗaki mai ƙofa, kuma kada a rubuta komai a jikin ƙofar. In an yi haka ni da kaina zan raka yarinyar.