Ba zumunci sai koyarwa ta zama ɗaya?

Dattijo: 'Yan'uwa, abin da na faɗa jiya ina nan a kansa: ba zumunci tsakanin masu bi sai koyarwa ta zama ɗaya. Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Wani na yayyafa wa jariri ruwa, wani na nutsar da baligi, sannan a ce mu ɗaya ne? Rufe tukunya ba ya hana ta tafasa.

Malamar Lahadi: Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Daren da ɗana ya kwanta asibiti yana numfashi da ƙyar, matar da ke jinya a gadon kusa ta taso ta durƙusa gefena, ta riƙe ƙafarsa, muka yi ta kiran sunan Yesu har gari ya waye. Sai da safe na ga carbin Katolika a wuyanta. In wannan ba zumunci ba ne, me zan kira shi?

Dattijo: 'Yata, tausayi ke nan, kuma Allah ya saka mata. Amma ko marar bi yana iya tausaya miki. Manzo Bulus ya ce a wasiƙarsa ga Galatiyawa, wanda ya kawo wata bishara dabam, ko mala'ika ne, la'ananne ne. A taron shugabannin ikkilisiya na birnin Nikiya, shekara ta 325, ba a ce wa malamin nan Ariyus "zo mu rungumi juna" ba, da ya ce Yesu, Ɗan Allah, halitta ne. An ja layi.

Ɗalibin tauhidi: Baba, layin Nikiya na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin a kan wane ne Almasihu aka ja shi. Matar nan ta asibiti tana cikin layin, ba wajensa ba. Abin da ke damuna shi ne mu mai da kowace gardama Nikiya. A Marburg ta Jamus, 1529, Luther da Zwingli, jagororin Furotesta biyu, sun amince a kan batutuwa 14 cikin 15. Na ƙarshen, yadda Almasihu yake cikin gurasa da ƙoƙo, shi ya raba su, rabuwar kuma ta daɗe ƙarnuka. Sannan wasiƙar da ka ambata, Galatiyawa, a sura ta 2 me ya sa Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya? Domin ya janye daga cin abinci tare da masu bi marasa kaciya. Janyewar ce Bulus ya ce ta saɓa wa gaskiyar bishara.

Dattijo: Ka yi karatu, ɗana. Amma Luther ba don girman kai ya ƙi ba, lamirinsa ne ya ɗaure shi ga maganar Yesu kan gurasa, "wannan jikina ne".

Mai waƙa: Ni abin a gidana yake. Matata Katolika ce. Duk ranar da na raka ta sujada, idan aka tashi karɓar Jibin Ubangiji, ni kaɗai nake saura a benci, 'yarmu tana waiwayena. Muna addu'a tare kowane dare, muna karanta Yohanna 17 inda Yesu ya roƙa mu zama ɗaya domin duniya ta ba da gaskiya. Katolika da Lutheran, mabiya Luther, sun sa hannu a Augsburg ta Jamus a 1999 kan yadda ake barata mutum, wato Allah ya ɗauke shi mai adalci, ta wurin alheri, amma teburin har yau biyu ne. Ba na zargin kowa. Ciwo dai yake mini.

Malamar Lahadi: Sannu, ɗan'uwa. Romawa 15:7 nake riƙe da ita: ku karɓi juna kamar yadda Almasihu ya karɓe ku. Ranar da ya karɓe ni ban san ko rabin koyarwar da na sani yau ba.

Dattijo: To, na rage kaifin maganata: wanda ya shaida Yesu Allah ne, ya mutu ya tashi, ɗan'uwana ne, zan yi addu'a da shi. Amma teburin Ubangiji da bagadin wa'azi, a nan ban matsa ba.

Ɗalibin tauhidi: Baba, 1 Korintiyawa 10:17 ta ce mu jiki ɗaya ne domin gurasa ɗaya muke ci. Wanda ka kira ɗan'uwa yanzu, da wane dalili za ka hana shi gurasar?

Dattijo: Bari in sake karanta surar gaba ɗaya daren nan. Gobe zan amsa maka.