Wai ɗan fansho shi ya ja wa kansa babu?

Akawu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a wajen ɗaurin aure na hango Hedimasta ya lallaɓa can baya ya zauna, don kada maroƙi ya gan shi ya ambaci sunansa. Shi ya sa yau nake so mu faɗa wa juna gaskiya. Ni a ganina duk ma'aikacin da ya shekara 35 yana karɓar albashi, ya fito ritaya kuɗin cefane na gagararsa tun sha biyar ga wata, to shi ya ja wa kansa. Tun ranar da aka ba ka takardar kama aiki ka san ranar fita: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ba a ɓoye wa kowa ba. Me ya hana ka sayi fili, ka ɗaure tumaki, ka buɗe ɗan shago?

Hedimasta: Wa alaikumus salam. Bakano ke nan, ko a wajen ɗaurin aure aljihun mutane yake leƙe. Inuwa na bi, Alhaji. Amma tunda ka tono maganar, bari in tambaye ka. Albashin malamin firamare da kake cewa a yi tanadi a cikinsa, mutum nawa yake ci da su? Ni da shi na riƙe mahaifiyata har Allah ya karɓi abarsa, da shi na yi wa ƙannena karatu, da shi na aurar da 'ya'yan yayana da ya rasu ya bari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban ɗauke shi ɓarna ba, kuma da za a maimaita rayuwar haka zan sake yi. Kai da ka zauna a baitulmali kana ƙirga kuɗin gwamnati, ka faɗa mini a wane layi na takardar albashin aka ware kuɗin fili.

Akawu: Zagezagi dai ba a raba ku da dogon bayani. Malam, kowa yana da dangi. Ni ma na riƙe nawa, kuma na yi adashe na sayi fili a bayan gari lokacin da ake mini dariya wai na sayi daji.

Sista: Alhaji, rabin maganarka na karɓa, rabi kuma na mayar maka. Rabin da na karɓa shi ne na maza irinku da garatuti ke shigowa yau, gobe a ji an kai kuɗin gaisuwa wani gida. Mun gani da idonmu. Mutum ya karɓi kuɗin sallamar da zai rayu da shi, ya sayi mota, ya ƙara aure, ya sake fenti, bayan shekara biyu motar tana kan duwatsu a ƙofar gida, amarya ta haihu, ga kuɗin makaranta ya dawo sabo fil yana da shekara sittin da ɗoriya. Wannan kam ba gwamnati ta yi masa ba.

Amma rabin da na mayar maka ya fi nauyi. Na yi aikin jinya, na san abin da tsufa ke zuwa da shi. Hawan jini da ciwon suga ba sa jiran alat. Maganin da za ka sha kullum har ƙarshen rayuwa ne, kuma yawancinsa daga waje ake shigo da shi ko da kayan haɗa shi, don haka duk lokacin da dala ta motsa shi ma sai ya motsa. Na sha ganin dattijo a kantin magani ya miƙa takardar likita, a faɗa masa kuɗi, ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi na kwana goma, ya koma gida yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi. Irin wannan mutumin ba mota ya saya ba, Alhaji.

Baba Malam: Yara, ku saurara, ni na girme ku duka a aikin nan. Na ga kuɗin Udoji a zamanin Gowon, lokacin da aka ƙara albashi aka haɗa da ariyas, gari ya cika da sababbin babura da rediyo. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Wanda ya ce mana a lokacin mu ajiye kuɗi a banki saboda tsufa, shawarar kirki ya ba mu, kuma da yawa sun bi. Sai 1986 ta zo da tsarin SAP na Babangida, wato shirin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira, ta fara gangara, ta yi ta gangara shekara da shekaru. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. To kai Akawu, wanda ya yi tanadin da kake faɗa, ya tara a littafin banki shekara da shekaru, yau me kuɗin zai saya masa? Ya yi abin da aka ce ya yi. Kuɗin ne ya narke a hannunsa.

Akawu: Allah ya ƙara maka lafiya Baba. Ai shi ya sa ban ce banki ba, fili na ce, da dabba.

Baba Malam: Fili ba ya sayen magani sai an sayar da shi, kuma sau ɗaya ake sayarwa.

Injiniya: Ku bari in shigo, don ni a sabon tsari na fita, kuma na lura ana cakuɗa abubuwa biyu. A tsohon tsari, wanda ya cika shekara 35 yana samun garatuti kashi 300 cikin ɗari na albashinsa na shekara, da fansho kashi 80 cikin ɗari har ya koma ga Allah. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau. Matsalarsa daga kasafin kuɗi ake biya, in babu a kasafi sai a jira, shi ya sa bashi ya taru, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin karo-karo, aka kafa hukumar PenCom mai sa ido kan harkar fansho. Kowane ma'aikaci da asusunsa a wani kamfanin kula da kuɗin fansho, ana cire masa kashi 7.5, mai aikin ya sa 7.5. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai aiki.

To Alhaji, ka ga a nan tanadin da kake wa'azi a kai dole ma aka mayar da shi. Duk wata ana cirewa tun kafin albashi ya iso hannunmu. Amma in ka fita ba a ba ka kuɗin gaba ɗaya. A ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa tsakuro maka wata-wata, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ƙarshen rai. Abin da ke cikin asusun shi ne iyakarka. Mai ƙaramin albashi asusunsa ƙarami ne, ko da bai taɓa fashin wata ɗaya ba. Mu da muka fara aiki kafin 2004 kuma akwai haƙƙinmu na shekarun baya da sai gwamnati ta zuba shi a asusun kafin a fara biya, kuma a nan ne mutane da yawa suka yi zaman jira, babu albashi babu fansho. Sojoji sun fita daga tsarin tun 2011. Tsofaffin 'yan sanda har zanga-zanga suka yi a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a fitar da su. Mutanen da suka san zafin abin ne suke gudunsa.

Hedimasta: Yauwa Injiniya. Alhaji, ka ji ko? Ko su ma 'yan sandan duk aure suka ƙara?

Akawu: Malam, ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Cewa na yi mai hankali ba ya jingina da gwamnati. Mu a Kano mun ga yadda bashin garatuti ya taru, gwamnatin jiha da kanta ta ce ya kai naira biliyan 48, sai a ƙarshen 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara ragewa da biliyan 6. Wanda ya zauna jiran wannan kuɗin ba tare da wata sana'a ba, me ya ci a tsakani? Wanda ke da ɗan shago ko gona ya ci tuwonsa. Wannan ita ce maganata.

Sista: Amma Alhaji ka ji abin da bakinka ya faɗa? Ka ce bashi. Bashi kuwa mai shi ake bi. Mutum ya yi aiki, an yi masa alkawari, an riƙe masa haƙƙinsa shekaru, wasu sun rasu magada ne ke yawo da fayil. Sai kuma a juyo a ce masa me ya sa ba ka buɗe shago ba? In ka ba ɗan kasuwa kaya a Kwari ya hana ka kuɗinka, za ka yarda ya ce maka ai da ka yi noma?

Akawu: Hajiya, ke dai ba a cin ki a magana. Shi ya sa maigidanki ya yi ritaya ya koma zaman majalisa.

Sista: Yana nan lafiya, awakina ne ke biya masa kuɗin shayi. Ka ga ni ma ina kiwo, ban raina tanadi ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi sandar dukan wanda aka zalunta.

Baba Malam: Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya da sashe na 210 ga na jihohi, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Ku lissafa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Kowannenku ya ɗauko takardar fanshonsa ya duba sau nawa ta motsa tare da waɗannan, kuma da nawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mai aiki yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi barazanar yajin aiki. Ɗan fansho yajin me zai yi? Shi ya sa ake mantawa da shi. Mai shago da mai adaidaita sahu suna ƙara farashi su bi kasuwa, shi kuwa kuɗinsa yana nan inda aka ajiye shi.

Hedimasta: Kuma kada a ce mana babu kuɗi. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran fansho, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a watan Nuwamban 2021 kan halasta kuɗin haram kimanin naira biliyan 2. A Zamfara sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito yana neman naira miliyan 10 na kula da kai duk wata, sannan majalisar jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni a 2019. Wanda ya yi shekara takwas an yi masa doka ta miliyoyi, wanda ya yi 35 da alli a hannu ana ce masa ya yi haƙuri. Wallahi abin yana ci mini rai, ba don kaina kaɗai ba. Akwai abokan aikina da ba sa iya fitowa jama'a saboda kunyar masu bin su bashi.

Auta: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ni ina cikin aiki tukuna, kuma maganarku ta sa jikina ya yi sanyi. An ce mu malamai an ƙara mana zuwa shekara 65 ko 40 a aiki. To mu me za mu yi tun yanzu? Baba Akawu zan bi ko Baba Hedimasta?

Injiniya: Dokar 2022 ce Buhari ya sa wa hannu, amma ka bincika ko jiharku ta fara aiki da ita, don ba duka suka ɗauka lokaci guda ba. In a tsarin karo-karo kake, mai asusun kai, abu na farko ka riƙa neman bayanin asusunka kana dubawa. Cirewa daga albashi daban, zubawa a asusu daban, kuma mutane da yawa sai dab da fita suke gano akwai watannin da ba a zuba ba. Ka gyara sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a duk takardunka da lambar NIN, don harafi ɗaya yana iya tsayar da fayil. In kana gudun kuɗin ruwa, tun 2021 akwai wani rukunin asusun fansho, ana ce masa asusu na shida, da ake juya kuɗinsa ta hanyoyin da ba ruwa, irin su sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, kana iya neman a mayar da kai can.

Akawu: Kuma ka sayi fili, yaro. Ko Hedimasta ya ƙi, ka saya.

Hedimasta: Ban ƙi ba, ya saya in ya samu hali. Amma ya shiga ƙungiya kuma, ya riƙa zuwa taro tun yana da ƙarfi. Baba Malam, ina roƙon ka rubuto mana sashen nan na 210 yadda yake. Ni zan tsara takarda zuwa ga ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu, duk mu sa hannu, mu tambaye shi yaushe aka yi bitar fansho ta ƙarshe da kuma yaushe za a yi ta gaba. Alhaji, kai ma za ka sa hannu, kuma kai za ka biya kuɗin bugawa tunda kai ne mai shago.

Akawu: Zan sa, zan biya. Amma ban janye maganata a kan masu ƙara aure da garatuti ba.

Sista: Wannan ni ma ina bayanka. Malam, in ka gama takardar ka turo mini, akwai matan da muka yi aiki tare da zan kai wa har gida su sa hannu, wasunsu ƙafa ba ta barinsu fita.