Mento da Hausa: ni dai na tsaya a kan "yayan sana'a"

Salamu alaikum 'yan'uwa, akwai kalmar da ta hana ni sakat kwana biyun nan. Ina rubuta sanarwa ne ga matasa masu son shiga aikin data, ba datar waya ba, aikin tattara bayanai da tace su har a fito da ma'ana daga cikinsu, sai na zo kan kalmar mento, wato gogaggen da ke kula da mai tasowa a sana'a, na tsaya cak. Kowa mento yake cewa, amma in ka ce a faɗa da Hausa sai a fara kame-kame.

Na bi asalinta tukuna. Sunan mutum ne fa, Mento, a tsohon labarin Girkawa na Odisi, abokin Odisiyus ne da ya bar wa amanar ɗansa Telemakus da zai tafi yaƙi. Wani marubucin Faransa, Fenelon, ya sake fito da labarin a 1699, daga nan sunan ya bazu har ya zama kalma. Kenan tun farko maganar amana ce da kula da na ƙasa.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce malami kawai a huta. Ni ban yarda ba. Malami shi zai koya maka Excel da SQL da Python, wato kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta, darasi ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan yanzu ya cika intanet kyauta. Abin da ke kayar da masu tasowa daban ne. Yaro ya gama kwas uku, ya yi atisayen bayanan fasinjojin jirgin ruwan Titanic da ke Kaggle, shafin intanet na gasar nazarin bayanai, layi 891 a shirye kusan babu wahala, yana ganin ya iya, ranar da aka ba shi bayanan gaske sai ya tarar kwanan wata an rubuta shi iri uku, sunan mutum ɗaya ya fito sau huɗu kowanne da rubutunsa, rabin gidajen teburin bayanan babu komai a ciki. Ko ya haɗa tebur biyu a SQL layuka su ninka bai lura ba, jimillar ciniki ta fito sau biyu, ya kai wa shugabansa a haka. Wanda zai ce masa "ƙirga layukanka kafin ka haɗa, ka sake ƙirgawa bayan ka haɗa", ya ce masa kar ya taɓa maganar koyar da na'ura, wato sa kwamfuta ta koyi hasashe daga bayanai, sai ya ƙware a SQL, ya duba masa takardar neman aiki, ya kuma gaya masa gaskiya ranar da aikinsa bai yi kyau ba, wannan shi nake nema wa suna.

Jagora fa? Kalma ce mai kyau kuma mutane da yawa ita suka kawo. Matsalata da ita biyu. Asalinta mai jan gorar makaho ne, shi ke gani kai kana bi, alhali mento so yake ka buɗe ido ka yi tafiyarka. Sannan siyasa ta riga ta cinye ta, ka rubuta "shirin jagoranci" kowa zai ɗauka horon shugabanci za a yi. Madugu ma haka, uban tafiya ne na ayari guda, mu kuwa mutum da mutum muke magana.

Ubangida kam a'a. Akwai biyayya da cin arziki a cikinta, kai yaronsa ne, shi ke da kai. Mai ba da shawara kuma ya faɗa ya wuce ne, bai damu ya dawo bayan wata biyu ya tambaya ya aka ƙare ba.

Wata 'yar'uwa ce ta kawo raino, wasu suka ce ai na jarirai ne, babba zai ji an raina shi. Ni ina ganin Hajiya ta yi gaskiya, domin muna cewa rainon kasuwanci, rainon tsiro, babu wanda ya ji haushi. Kuma daga maganarta ne na samu tawa. Wa ke rainon ƙani in ba yaya ba? Yaya ya riga ka ne da 'yan shekaru kawai, ya taka hanyar ba da daɗewa ba, bai manta inda ƙaya take ba. Ba ya karɓar kuɗinka, zai yi maka faɗa ka haƙura don ka san don kai yake yi, kuma bai mallake ka ba. A wannan fanni ma abin ya fi dacewa, don sana'ar sabuwa ce, sunan masanin kimiyyar bayanai a matsayin muƙamin aiki wajajen 2008 ya fara yaɗuwa, shekarar da aka fara gina pandas, kayan aikin nazarin bayanai na Python, kayan aikin kuma kullum canjawa suke, sau da yawa wanda ya riga ka da shekara uku ya fi sanin abin da ake tambaya a intabiyu yanzu.

To ga yadda na jera su: mento shi ne yayan sana'a, mace yayar sana'a, jam'i yayyen sana'a. Wanda ake kula da shi ƙanen sana'a ko ƙanwar sana'a. Aikin kansa rainon sana'a.

Na san za a ce yaya a rubuce tana rikicewa da 'ya'ya, musamman a waya da ba a sa alamar nan, haka ne, amma jimla tana warwarewa. Na gwada ta da baki: "Ina neman yayar sana'a a fannin nazarin bayanai." "Ƙannen sana'ata biyu sun samu aiki bana." "Muna buɗe rainon sana'a na wata shida." Duk sun zauna min daidai a kunne. Jibi zan fitar da sanarwar da ita, wanda ke da wadda ta fi ta don Allah ya kawo kafin lokacin, amma ya sako ta cikin jimla mu ji yadda take fita.