Abokiyar aikina ta buɗe mini katin tarot bayan rasuwar mahaifiyata: mene ne matsayin abin da na yi?

Baƙuwa a Bronx ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Shekarata 6 a birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Wata 4 da suka wuce Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Kano da asuba, lokacin nan dare ne a wurinmu, ina bakin aiki, wayata kuma tana kulle a ma'ajiyar kaya. Da na tashi da safe na tarar da kira sama da 20, an riga an yi mata sutura, an kai ta makwancinta, har maza sun dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarta ba, ban zauna zaman makoki ba, addu'ar uku da ta bakwai duk ta waya na ji su. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idanuna.

Akwai wata abokiyar aikina, baƙar fata 'yar Amurka, wadda ta girme ni, ita ce ta lura da yadda nake ramewa, ta gayyace ni gidanta. A kusurwar ɗakinta akwai ɗan tebur mai kyandir da kofin ruwa da hoton kakarta, kusa da shi kuma hoton Harriet Tubman, baƙar fatar Amurka da ta tsere daga bauta ta kuma 'yanto wasu. Ta ce mini ba ta da dangantakar jini da wannan mata, amma ta zaɓe ta ta zama kakarta ta ruhi, domin duk lokacin da duniya ta yi mata zafi takan tuna da ita ta sami ƙarfin gwiwa. Daga nan ta ɗauko katin tarot, wato wata karta mai hotuna, ta gauraya, ta ce in zari ɗaya. Wanda na zara yana ɗauke da hoton mutum cikin baƙin mayafi, ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka kife, a bayansa kuma akwai kofuna biyu a tsaye da bai waiwaya ya gani ba. Ba ta faɗa mini abin da zai faru gobe ba, abin da ta tambaye ni kawai shi ne me nake gani. Na fashe da kuka, na yi ta ba ta labarin Hajiya kusan sa'a guda, kuma a wannan daren na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar rasuwar.

Da asuba kuwa tsoro ya kama ni. Shin abin da na yi duba ne? Kuma zaɓar magabata waɗanda ba jininka ba don ka jingina da su a lokacin ƙunci, yana da wani asali da za a iya karɓa, ko kuwa shi ma in nesance shi?

Almajiri daga Zariya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ki haƙurin rashinta. 'Yar'uwa, tsoron da ya kama ki da asuba alheri ne. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba tsawon dare 40, kuma aya ta 65 a Suratun Namli ta kulle ƙofar, inda ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Larabawan jahiliyya suna da kibau da suke zara daga jaka kafin tafiya ko aure, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera su tare da giya da caca. Zarar kati daga cikin gauraye, da ɗaukar cewa wanda ya fito saƙo ne da aka aiko wa mai zarar, ya yi kama da wannan ƙwarai, ko da an canza masa suna an kira shi nazarin zuciya. Bugun ƙasa da malaman duba suke yi a faifan yashi a nan gida ma ai da tausasa zuciya yake farawa.

Ban ce ke kin tambayi gaibu ba, domin bisa ga bayaninki ba ki tambaya ba, kuma kin je ne cikin ruɗewar rashi. Ki yi istigfari, kada ki koma ga katin, kuma kada ki wulaƙanta matar da ta tausaya miki a lokacin da namu ba su lura da halin da kike ciki ba. Kuka kuwa ba laifi ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah (SAW) kuma ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim.

Ɗalibin tarihi a Faransa ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, ban da ja a kan hukuncin da kuka kawo, sai dai ina so in ƙara bayanin asalin katin, domin na ga mutanenmu da yawa suna ɗaukarsa wani tsohon sihiri mai aljanu, wannan tsoron kuma yana ba shi girman da bai kai ba.

Tarot karta ce ta wasa. An fara yin ta a arewacin Italiya, a fadojin Milan da Ferrara, wajen shekarun 1440, kuma har yau a nan Faransa mutane suna zama huɗu-huɗu suna buga ta kamar yadda ake buga kowace karta, ba tare da wani ya tuna da duba ba. Kati 78 ne, 22 manya masu hotuna na musamman, 56 kuma an kasa su gida huɗu. Su waɗannan gidaje huɗu daga ƙasar Musulmi suka shiga Turai a ƙarni na 14, daga kartar Mamlukawan Masar mai kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan ƙwallon dawaki, kuma akwai ragowar irinta a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul. Saboda haka kofunan da 'yar'uwarmu ta gani suna da tsohon tarihi, amma tarihin wasa ne. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa katin ya ƙunshi asirin firistocin tsohuwar Masar, ba tare da wata hujja ba, tun ba a kai ga iya karanta rubutun Fir'aunoni ba. Daga nan masu duba suka karɓe shi. Hoton mai baƙin mayafi da kika kwatanta na cikin kartar da aka buga a Landan a 1909, wadda wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana da hannunta.

Game da teburin abokiyar aikinki, ina roƙon a dube shi da idon rahama. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta bayi da sunayensu, sai dai a ƙarƙashin sunan wanda ya mallake su, a rubuta shekaru da jinsi da launin fata. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta, yawancinsu suka fara bayyana da suna. Mu da maroƙi zai iya jero mana kakanni bakwai a wurin biki ba za mu gane zafin wannan yankewa da sauƙi ba. Wadda ba ta san sunan kakar kakarta ba, idan ta rataya hoton matar da ta tsere daga bauta a 1849, ta kuma riƙa komawa kudu har ta fito da mutum kusan 70, tana neman tushen da aka tumɓuke mata ne.

Ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta rubuta:

'Yar'uwa, ki sake karanta abin da kika rubuta da kanki. Wata 4 kina ɗauke da wannan nauyi ke kaɗai, kina aikin dare, babu wanda ya zaunar da ke ya ce ki ba shi labarin mahaifiyarki. A gida da kin sami kwana 7 mata suna shiga suna fita, kowace tana faɗin alherin mamaciya, ana kuka ana lallashi, wannan zama kuwa magani ne babba da nisa ya hana ki. A ganina abin da ya sa ki barci a daren nan shi ne sa'a gudan da aka saurare ki.

Dalilin da ya sa katin ya yi kamar ya san sirrinki sananne ne a fagenmu. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardar bayanin hali, kowa yana zaton tasa ce shi kaɗai, suka ba ta maki fiye da 4 cikin 5 wajen dacewa da su, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Duk mai jimami da ya ga mutum cikin baƙi yana kallon abin da ya zube zai ga kansa. Da wani katin kika zara, da a cikinsa ma kin ga Hajiya, domin ita ce ta cika miki zuciya. Haɗarin da nake gani a wurin aiki shi ne mutum ya saba, har ya kasa yanke shawarar aure ko ƙaura ko shan magani sai ya zari kati, wasu kuma su faɗa hannun masu karɓar kuɗi a intanet.

Ci gaba da riƙe mamaci a zuciya, da yi masa addu'a, da tuna abin da zai ce, ba ciwo ba ne, masana jimami sun daɗe da barin ra'ayin cewa dole a yanke wannan igiya. Amma rashin barci da rama na tsawon watanni abin kai wa likita ne. Ki gaya masa kamar yadda kika gaya mana, ki nemi a haɗa ki da mai ba da shawara kan jimami. Idan kuma wani dare tunanin cutar da kanki ya zo miki, a Amurka ana kiran lamba 988 a kowane lokaci.

Inna daga Sakkwato ta rubuta:

Ɗiyata, jikata ce take karanta mini, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa. Tambayarki ta biyu nake so in amsa, domin na ga maza sun fi tsayawa a kan kati.

Zaɓar magabata na ƙwarai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Allah da kansa ya gaya wa Annabinsa a ƙarshen Suratu Hudu cewa yana ba shi labaran manzanni ne don ya tabbatar masa da zuciyarsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga hijira da yaƙi da yunwa, ta binne mahaifinta a 1817, ta binne ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, daga baya ta binne mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma yawancin waɗannan rashe-rashe ta yi musu waƙar makoki. Tana da waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har ta gangaro kan matan jama'ar Shehu da ta sani da idonta. Da yawansu ba jininta ba ne, amma ta ɗauke su iyaye. Jajojinta, wato matan da suke jagorantar ƙungiyarta ta karantar da mata mai suna 'Yan Taru, waɗanda ake naɗa wa malfa, su ne suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, matan da suka rasa miji ko ɗa suna haddacewa suna rerawa a bakin murhu. Har a can ƙasar da kike, a birnin Pittsburgh, akwai mata Musulmi baƙaƙen fata da suka ɗauki tsarin 'Yan Taru suna karatu a kansa, ke nan su sun zaɓi Nana ta zama kakarsu.

Ni lokacin da na rasa ɗana na fari, Nana Khadija na riƙe, domin ita ma ta binne 'ya'yanta maza suna ƙanana. Ban kunna mata kyandir ba, ban ajiye mata ruwa ba, labarinta nake maimaitawa ina daka har numfashina ya daidaita.

Ga abin da zan ce ki yi. Bayan rasuwar Nana Khadija, Manzon Allah yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Hajiyarki tana da aminai. Ki nemi wadda ta yi mata wanka, ki kira ta, ki ce ta gaya miki komai, tun daga daren ƙarshe har fitar makara. Abin da ba ki gani ba shi ne yake hana ki barci.

Almajiri daga Zariya ya sake rubutawa:

Inna, Allah ya ƙara girma. Koyi da salihai da samun natsuwa daga tarihinsu babu saɓani a kansa. Tawassuli da su a cikin addu'a kuwa malamanmu sun daɗe suna saɓani, malaman ɗariƙu sun halatta, malaman Izala sun hana, kowa da hujjojinsa, kuma ba na so mu buɗe wannan muhawara a kan mai jimami. Inda duka ɓangarorin suka haɗu shi ne ba a ajiye wa mamaci abinci ko ruwa don ya karɓa, kuma addu'ar ɗa nagari tana isa ga mahaifi.

Baƙuwa a Bronx ta sake rubutawa:

Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Na yi istigfari, na kuma gaya wa abokiyar aikina cewa addinina bai ba ni damar komawa ga katin ba. Ba ta ji haushi ba, ta ce mu ci gaba da shan shayi ranar Lahadi ba tare da shi ba, ta kuma roƙe ni in kawo mata labarin Nana Asma'u. Na sami ranar ganin likita a mako mai zuwa.

Inna, jiya na kira aminiyar Hajiya, wadda suka yi shekara 40 suna maƙwabtaka. Ta ce ita ta zuba ruwan wankan, ƙanwar Hajiya tana cuɗawa, kuma likafanin da aka sa mata shi ne wanda ta sayo da kanta a Makka ta ajiye a ƙasan akwati. Ta ce a daren ƙarshe Hajiya ta tambayi ƙarfe nawa ne a wurina, da aka gaya mata, sai ta ce kada a kira ni, ina bakin aiki. Na aika wa yayana kuɗi ya sayi akuya ranar Juma'a, na kuma rubuta masa sunayen gidaje biyar da za a kai wa naman.