Na sauya gasket da kaina, yanzu wutar motar ta rikice

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2003, da ita nake kai yara makaranta. Kwanaki ta yi zafi a hanya har gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kuɗin aikin ya fi ƙarfina, sai na sayo gasket a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ni da ƙanena muka kwance kan injin muka ɗaure. Ta tashi, ba hayaƙi, ruwa ba ya raguwa, alhamdu lillahi.

Amma tun ranar kiki, mai tayar da injin, yake juyawa da ƙyar, alhali batirin bai yi wata shida ba. Da dare in na kunna fitila allurar zafi sai ta hau, in na kashe ta sauko. Jiya bayan na daɗe ina murɗa makulli na buɗe bonet, hannuna ya taɓa wayar totur, na ji ta da zafi, robar jikinta har tana wari. Wallahi hankalina ya tashi. Ko na ƙona ƙwaƙwalwar motar ne?

Direban Golf:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina zargin altaneta, mai cajin batir. Sa mita a kan batir: a kashe ya nuna kusan 12.6, injin na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, ba ta caji.

Tsohon mai wayarin:
Ɗana, kwantar da hankalinka. Motar da ƙwaƙwalwarta ta ƙone ba za ta kai ka makaranta ta dawo da kai ba. Ka auna cajin kamar yadda ɗan'uwa ya ce, amma zafin wayar totur ɗin nan ya riga ya tona asirin. Wutar da ta shiga kiki dole ta koma batir ta jikin injin, ta wata waya mai kauri da ta haɗa injin da bodi. Injin kuwa a kan roba yake zaune, wuta kuma ba ta bin roba. In wayar ba ta kama ba, wuta sai ta bi duk ƙarfen da ta samu, ga shi ta bi ta totur. Rashin kamawar wayar ne kuma ke ruɗa allurar zafi.

Ka aro wayar da ake tayar da mota da batirin wata. Ka maƙala baki ɗaya a negetib na batir, ɗayan a ƙarfen injin inda ba fenti, ka tayar. Kada ka ƙara matsa kiki kafin nan, don Allah. Sannan ka haska tocila a gefen kan injin, akwai ƙananan wayoyi masu zobe a baki da ake ɗaurewa a nan, su ma ka duba.

Mai Corolla:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ina maƙala wayar ta tashi bugu ɗaya. Na bi da tocila na ga mai kaurin tana lilo, mun cire ta don hannu ya shiga muka manta. Ɗaya daga cikin ƙananan ma notinta a sake yake. Na goge bakinsu da sanfefa na ɗaure, caji 14.1, allura ta tsaya cak.

Tsohon mai wayarin:
Madalla. Amma ka sauya wayar totur ɗin kafin ka ɗauki yaran gobe. In robar ciki ta narke tana iya maƙalewa, ka ɗaga ƙafa motar ta ƙi rage gudu.